Mi ya haɗa Sakkwato da na'urar auna teku?

Nasiru Injiniya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun shekaranjiya wani abu ke cina a rai, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Akwai hukumar Amurka mai suna NOAA, ita ke kula da harkar teku da yanayi, ƙarƙashinta kuma akwai wani tsari da suke kira IOOS wanda dokar 2009 ta kafa, aikinsa sa ido kan tekunsu da bakin teku da manyan tafkunansu dare da rana. To cikin kuɗin da suke rabawa akwai wani tallafi na daban, sunansa Ocean Technology Transition, kuma shi ne ya hana ni barci. Wannan kuɗin ba a ba ka shi don ka ƙirƙiro sabon abu. Na'urar da aka riga aka ƙera, aka gwada ta ta yi aiki amma har yanzu tana hannun masu bincike, ita ake ɗauka a kai ta ruwa ta zama kayan aikin yau da kullum. Kuma sai ka nuna abu biyu, cewa ana buƙatarta yanzu yanzu, da cewa akwai waɗanda suka ɗau alkawarin karɓarta su ci gaba da aiki da ita bayan kuɗin ya ƙare.

Abin da ya sa ya taɓa ni, wasunku sun sani shekarun baya na haɗa wata 'yar na'ura mai auna tsawon ruwan gulbi. Ƙarƙashin gada ake ɗaure ta, tana aika sauti zuwa fuskar ruwa ya dawo mata ta lissafa nisan, da ɗan faifan sola da batir da layin waya, duk bayan minti talatin ta turo min tes. Damina guda cur ta yi tana aiki, ko cikin dare ina kwance sai in ji waya ta yi ƙara in duba in ga ruwa ya ƙaru da kamu ɗaya. Da ɗan tallafin binciken ya ƙare aka tafa min aka ɗau hoto, shi kenan. Ba wanda zai sa kati a layin, batir ya mutu ba mai sauyawa, na je ofis uku da takarda kowa ya ce abu ya yi kyau amma ba ya cikin kasafinsu. Yanzu haka tana cikin kwali a saman sif ɗina, jiya na sauko da ita na tarar zanzaro ya gina ɗaki a bakin da sautin ke fita. Wallahi sai da na zauna bakin gado na yi shiru. Tambayata ita ce mu me ya hana mu samun irin wannan tallafin, na kai abu bakin aiki?

Yusha'u Gidan Igwai: Wa alaikumus salam. Yaya Nasiru da girmanka amma mi yah haɗa mu da teku dan Allah? Daga nan zuwa Legas sai ka kwana ka wuni cikin mota. Mutanen Isa da Sabon Birni ba su iya zuwa gonakinsu, asibiti ba magani, yara na yawo ba makaranta, mu kuma muna nan muna zancen na'urar tekun Amurka. Maganar na'urarka ta gulbi na yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma teku kam a bar wa masu teku

Alhaji Sani Mai Kifi: Yusha'u ɗana, teku na cikin tukunyar gidanku kai dai ba ka lura ba. Ni shekara ashirin da ɗoriya ina sana'ar kihin ƙanƙara, titus da kote da shawa duk da kaka gani cikin kwali ba gulbin Rima anka kamo su ba, wani daga Nowe wani daga Holan wani Muritaniya, jirgi shi sauke Legas mota mai sanyi ta kawo muna. Shekarad da kamu yay yi ƙaranci can, mu nan muka ji a jikinmu, kwali shi tashi, mai tuwo-tuwo ta rage yanka. To in akwai masu auna ruwan nan su san inda kihi yat tahi da abin da ka kashe shi, ni dai ina da ruwa da tsaki cikin zancen.

Malama Hadiza: Alhaji ya faɗi ta kifi, ni bari in faɗi wadda ta fi ta girma, ita nake koyar wa 'yan aji biyar kowace shekara. Ruwan saman da muke shuka da shi daga teku yake zuwa. Iskar damina daga kudu maso yamma take tasowa, daga tekun Atlantika ta wajen mashigin Gini, ta ɗebo laima ta yi ta hawowa arewa har ta iso mana wajen watan Yuni, zuwa ƙarshen Satumba ta ja da baya iskar hunturu ta karɓe filin. To ƙarfin wannan iskar da nisan da za ta ci cikin ƙasa yana da alaƙa da zafin fuskar tekun. Ƙasa ta yi zafi teku ya yi sanyi, iska ta taho da ƙarfi. In tekun wajen Gini ya ɗumama fiye da ƙima, sau da yawa ruwan sai ya tsaya can bakin teku mu nan a bar mu da kallon sama, haka ta faru a 1984. Da can ana ɗora laifin farin 1973 da na 1984 kan manoma da makiyaya wai sun sare itace sun cinye ciyawa, sai bincike ya zo, ciki har da na Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, ya nuna canjin zafin tekuna shi ne babban abin da ya juya daminar yankin Sahel a waɗannan shekarun. Don haka Yusha'u, mai gero a Gwadabawa ya fi mai shago a Legas buƙatar a san zafin tekun nan.

Kawu Bello Wurno: Malama gahwara dai. Ni ban yi boko mai nisa ba amma shekara hamsin ina noma hwadama da tudu, ban taɓa ganin hadari ya taso daga kudu ba. Kullum gabas yaka haɗowa, shi yi baƙi, iska ta zaka da ƙura sannan ruwa. Ƙaƙa za a ce daga teku yake, teku kuwa kudu take?

Malama Hadiza: Kawu wallahi gaskiyarka, kuma abin da idonka ya gani daidai ne. Iska hawa biyu ce. Ta ƙasa ƙasa ita ce mai laima, daga kudu maso yamma, ita ce wadda in damina ta kusa za ka ji gari ya yi lumshi gumi ya ƙi bushewa a jiki, gishiri ya fara jiƙa a kwano. Can sama kuma kamar kilomita uku zuwa huɗu akwai wata iska mai gudu daga gabas zuwa yamma, ita ke tura hadarin in ya haɗu. Shi ya sa yake fito mana ta gabas. Amma ruwan da ke cikinsa mafi yawa waccan ta ƙasa ce ta kawo shi.

Kawu Bello Wurno: To madalla, yanzu na gane. Gishirin nan kam haka na, uwargida ta kan hwaɗi tun kahin mu ga hadari. Allah shi yi maki albarka ɗiyata.

Malama Hadiza: Amin Kawu. In ƙara kan zancen Injiniya, tun 1997 akwai wani shiri da ake kira PIRATA, Faransa da Brazil da Amurka ke riƙe da shi, sun kafa na'urori a tsakiyar Atlantika har da mashigin Gini. Ku ɗauka kamar gorar da masunta ke hawa a Argungu amma ta ƙarfe da roba, babba, an ɗaure ta da igiya har ƙasan teku, samanta na auna iska da ruwan sama da hasken rana, jikin igiyar kuma na auna zafi da gishirin ruwa hawa hawa, tana tura bayanin ta tauraron ɗan adam. Akwai kuma Argo, su kusan 4,000 ne warwatse a tekunan duniya, kowace ta nutse har mita 2,000 ta taso bayan kwana goma ta aika abin da ta auna, kuma bayanin kyauta ne ga kowa. Irin waɗannan bayanai ke shiga manyan kwamfutocin hasashen yanayi na duniya, kuma hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasarmu NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara yana duba yanayin zafin tekuna. Duka biyun da bincike suka fara, abin da ya raya su shi ne an samu masu biyan kuɗin kula da su shekara da shekaru.

Murtala Na Jirgi: Salam, yanzu na sauko daga aiki na ga zancen, ku yi haƙuri zan yi tsawo. Ni shekara tara kenan ina aiki a jiragen da ke kai kaya wuraren haƙar mai a teku, kuma abin da zan gaya muku shi ne duk wanda bai zauna kan ruwan gishiri ba ba zai gane yadda yake cin kaya ba. Ƙarfen da zai yi shekara ashirin a Sakkwato can wata shida ya fara zubar da tsatsa. Ka saka abu cikin ruwa sati kaɗan ka ɗago shi ka ga gansakuka da wasu ƙananan halittu masu ɓawo sun manne masa kamar an yi masa yaɓe, sai da ƙarfe ake kankare su, in a kan idon na'ura suka zauna to duk lambar da take ba ka ƙarya ce kuma ba za ta gaya maka ta fara ƙarya ba. Ga kifi yana son taruwa ƙarƙashin duk abin da ke yawo a kan ruwa, sai masunta su bi shi, su ɗaure jirginsu jikin gorar ko ragarsu ta sarƙe igiyar, wani ma ya kwance sola ya tafi. Su waɗancan na PIRATA da Malama ta faɗa kusan duk shekara sai jirgin bincike ya je ya ciro su ya saka wasu, kuma kuɗin fitar da jirgi kwana ɗaya kawai ba ƙaramin abu bane. To na'urar da ta yi aiki a ɗakin gwaji mai AC da wadda za ta yi shekara cikin wannan azabar ba ɗaya bane, tsakaninsu akwai aiki mai yawa kuma mai cin kuɗi, wanda ba ya kawo wa malami ƙarin girma don ba sabon bincike bane. Ina ganin wannan wurin tallafin da Injiniya ke magana ya nufa.

Nasiru Injiniya: Yauwa Murtala ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Akwai wani ma'auni da hukumar NASA ta fara amfani da shi, matakai 9. Na 1 tunani ne kawai, wajen na 4 abu ya yi aiki a ɗakin gwaji, na 6 an gwada samfuri a wuri irin wanda zai zauna, na 9 kuma yana bakin aiki kullum. Mu nan kusan duk kuɗin bincikenmu a na 4 zuwa na 6 yake ajiye mutum. Ragowar hawan kuwa ayyuka ne marasa daɗin faɗi, akwatin da ruwa ba zai shiga ba, littafin koyar da mai gyara, inda za a samu sifiya, wa zai karɓi bayanin kuma a wace kwamfuta zai zauna, wa za a buga wa waya in ta yi shiru.

Sadiya: Yaya Nasiru dan Allah mu ɗalibai za mu iya nema? ina aji huɗu fannin kimiyyar halittu, ina ne ake cike fom ɗin

Nasiru Injiniya: Ƙanwata wannan kuɗin harajin Amurkawa ne don ruwan Amurka, kuma cibiyoyi ke nema kamar jami'o'i da kamfanoni da hukumomi, ba mutum ɗaya da waya ba. Duk wanda ya turo miki link ya ce ki biya dubu biyar ya cike miki, ɗan damfara ne. Tsarin na kawo don mu duba ko za mu kwaikwaya. Amma tunda fanninki ne bari in ba ki misali biyu na abin da aka yi da shi. Akwai wani abin ruwa mai ɓawo irin makankari da suke kiwo suna ci, wajen 2007 da 2008 'ya'yansa suka dinga mutuwa a wuraren ƙyanƙyasa na jihar Oregon har sana'ar ta kusa durƙushewa, aka gano ruwan tekun da suke zuƙowa ne ya yi tsami. Wani malami mai suna Burke Hales a jami'ar jihar ya haɗa na'urar da ke auna sinadarin ruwan nan take, masu kiwon suka koyi lokacin da za su buɗe famfo da lokacin da za su gyara ruwan. Wannan tallafin yana cikin waɗanda suka taimaka aka inganta irin awon nan ga masu kiwo a gaɓar yammacin ƙasar. Na biyu wata na'ura ce da ake kira ESP, kamar ƙaramin ɗakin gwaji ne cikin gwangwani, tana zaune cikin teku ta ɗebi ruwa da kanta ta gwada ko akwai gansakuka mai dafi ta turo sakamako, ita ma an ba da kuɗin kafa ta a gaɓar jihar Washington. Kar ki raina gansakuka, a watan Agustan 2014 mutanen birnin Toledo wajen 400,000 aka hana shan ruwan famfo kusan kwana uku saboda dafinta ya shiga daga tafkin Erie.

Sadiya: Ikon Allah. to ai mu ma madatsun ruwanmu na yin kore lokacin zafi, ko akwai mai gwadawa ma. Na gode Yaya

Hajiya Balkisu: Nasiru ɗana na karanta labarin na'urarka raina ya ɓaci, amma ban yi mamaki ba don shekara talatin da biyu na yi a sashen kasafi kafin in yi ritaya, kuma na san ƙofar da takardarka ta mutu. Waɗanda suka ce maka ba ya cikin kasafinsu ba lallai mugunta bace. Kasafi gida biyu ne, akwai na manyan ayyuka akwai na gudanarwa. Sayen sabon abu yana gidan farko, yana da kwangila, yana da bikin buɗewa, ana yanka ƙyalle a ɗau hoto. Katin waya da batir da man mashin ɗin wanda zai je ya duba kuwa suna gida na biyu, shi ne ake fara yankewa duk lokacin da kuɗi ya yi ƙaranci, kuma ko an amince da shi a takarda sakinsa wani yaƙin ne. Na sha ganin an sayi kayan miliyoyi an ajiye don babu dubu ashirin ta wata wata. Shi ya sa cikin duk bayaninka sharaɗi na biyun nan ya fi burge ni, a ce kafin a ba da ko kwabo sai hukumar da za ta gaji abin ta sa hannu, ta buɗe masa layi a kasafinta da sunansa, ta faɗi jami'in da zai riƙe shi. In TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ko gwamnatin jiha za su ware ko kaɗan ne daga kuɗin bincike su ce wannan na kai abu bakin aiki ne kawai, kuma ba a taɓa shi sai da wannan sa hannun, da kwalaye da yawa sun sauko daga saman sif.

Kawu Bello Wurno: Hajiya ta gama magana. Ko doki in za ka saye sai ka hwara tanadin harawa da dawa da yaron da ka yi mai ciyawa, in ba haka ba wata ukku ka ga haƙarƙari.

Murtala Na Jirgi: Kuma kar mu ɗauka mu kaɗai ne. Bayan igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 da ta kashe mutum wajen 230,000, ƙasashe sun taimaka wa Indonesiya ta kafa gorunan gargaɗi guda 22 a teku. Da girgizar ƙasa da tsunami suka afka wa garin Palu a Satumban 2018 mutum sama da 4,000 suka rasu, kakakin hukumar bala'o'insu da bakinsa ya ce tun 2012 gorunan ba sa aiki, wasu an lalata wasu an sace wasu ba kuɗin gyara.

Yusha'u Gidan Igwai: Yaya Murtala na bi labarin nan lokacin, ai ruwan Palu cikin 'yan mintoci ya iso, masana da yawa sun ce ko gorunan na aiki da wuya su cece su don girgizar dab da gari ta faru. Kada mu ɗora wa na'ura abin da ba ta iyawa. Sannan wani abu da ke damuna, duk waɗanga na'urori da ke tekun kusa da mu na Faransa ne da Amurka da Brazil, ranad da sunka ga dama sunka kwashe fa? Ko a 2025 gwamnatin Trump ta nemi a zabtare kuɗin NOAA ɗin sosai har da na shi wannan tsarin. Mu kenan daminarmu na rataye ga kasafin wata ƙasa

Murtala Na Jirgi: Ka yi gaskiya kan Palu, ban ce da sun tsira duka ba, abin da nake nunawa shi ne shekara shida kaya na mace a ruwa mutane na zaton ana gadinsu. Maganarka ta biyu kuma ai ita ce hujjar Injiniya. Najeriya na da bakin teku kilomita 853, muna da cibiyar binciken teku NIOMR a Legas tun 1975, a 2023 an kafa ma'aikata sukutum ta harkar teku. Ka je Ayetoro a jihar Ondo ka ga yadda teku ke cinye gari gida bayan gida, na wuce ta wajen na ga turakun gidaje tsaye cikin ruwa. Irin wurin nan yana buƙatar awon tsawon ruwa da ƙarfin igiyar ruwa na shekaru ba yankewa kafin ma a san irin katangar da za ta tsaya. In muna da namu na kanmu da ke aiki, ko wani ya kwashe nasa ba za mu makance ba.

Abdul Rediyo: Ni inda nake so a duba shi ne bayan na'ura ta auna, wa ya ji? Indiya na da cibiya a Hyderabad mai suna INCOIS, suna duba zafin teku da launinsa ta tauraron ɗan adam su gane inda kifi zai taru, su tura wa masunta a waya cikin harsunansu, har da gargaɗin ranar da igiya za ta yi ƙarfi. A 1999 guguwar teku ta kashe kusan mutum 10,000 a jihar Odisha, a 2013 wata babba mai suna Phailin ta zo wurin, an kwashe kusan mutum miliyan ɗaya tun kafin ta iso, waɗanda suka rasu ba su kai 50 ba. Awo ya taimaka amma abin da ya ceci rai shi ne saƙon ya isa ƙauye kuma akwai inda za a gudu. Mu nan NIHSA, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, na fitar da hasashen ambaliya duk shekara, tana da wuraren awo kamar Jidere Bode a Kebbi da Lokoja da Makurdi, amma rahoton da turanci yake fitowa mai shafuka da yawa, kafin mu fassara mu sa a iska wani lokacin an riga an yi shuka. In za a yi irin wannan tallafin a nan, kuɗin fassara da na sanarwa a rediyo da lasifikar masallaci su shiga ciki tun farko.

Kawu Bello Wurno: Abdul ka tuna man da 2010. Watan Satumba na, hatsi ya yi kai shinkahwa ta yi ciki, munka kwanta lahiya. Cikin dare nij ji awaki na kuka wani iri, nis sauko da ƙahwa sai cikin ruwa har ƙwabri. Rumbuna biyu na ƙasa ina kallo sunka jiƙe daga gindi sunka zauna, damman bara duka. Mun fid da yara da tsohuwa bisa amalanke, abin da munka tsira da shi kenan. Shekarar ce gadar hanyar jami'a ta karye mutane sunka koma shiga jirgin ruwa wajen Kwalkwalawa. Ban ce wani na iya tsai da ruwa ba, na Allah na. Amma da wani ya buga man waya da la'asar yac ce Bello ruwa na tahe, da na kwashe hatsina zuwa tudu, jaki ukku gare ni lokacin. Wuni guda kawai nika biɗa.

Malama Hadiza: Allah sarki Kawu, Allah ya mayar da alheri. Kuma wuni ɗayan nan abu ne mai yiwuwa, don ruwan Rima daga nesa yake tahowa, wani ta gulbin Maraɗi a Nijar wani ta Bunsuru da Gagare, ya bi ta Goronyo kafin ya iso ku. In akwai awo a sama, na ƙasa na da sa'o'i a hannu. Daga nan ya wuce Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara, ƙarshensa tekun da muke magana.

Yusha'u Gidan Igwai: Kawu labarinka ya kashe min jiki wlh. Na janye maganar a bar wa masu teku. Amma har yanzu ina da ja a wuri ɗaya, faifan sola da batir ƙarƙashin gada a wannan zamanin? sati ba za su yi ba. Fitilun kan titi ma ba su tsira ba

Nasiru Injiniya: Yusha'u abin da zai ba ka mamaki, tawa damina guda ta yi ko waya ba a taɓa ba. Kafin in ɗaura ta sai da na je gaida sarkin ruwan wurin da goro, na nuna masa tes ɗin a wayata, ya kira ɗansa ya ce wannan amanarka ce. Yaron nan duk safiya kafin ya shiga jirgi sai ya hau ya goge ƙurar faifan da gefen rigarsa, in ya ga tsuntsu ya yi kashi a kai ya wanke, ɗan abin da nake ba shi na kati ne kawai. Da na zo kwance ta shi ya riƙe min tsani, yana tambayata yaushe za a dawo da ita, na ce masa bayan sallah. Yau shekara nawa kenan, in na hango shi a kasuwa kunya nake ji.

Hajiya Balkisu: To wannan yaron shi ma layi ne a kasafi, a rubuta shi da alawus ɗinsa kamar yadda ake rubuta mai gadi. Nasiru ka zauna ka lissafa min abin da na'ura ɗaya za ta ci a shekara, kati da batir da alawus da man zuwa dubawa sau biyu a wata, kar ka rage komai don a ji daɗin lambar. Ka haɗa da lambobin da ta turo maka waccan daminar in suna nan. Ni zan gyara maka takardar yadda masu kasafi ke son ganinta, kuma a kai ta kafin a rufe karɓar buƙatun baɗi, don in aka rufe sai wata shekarar. Ban yi maka alkawarin za su karɓa ba.

Alhaji Sani Mai Kifi: Kahin gwamnati ta motsa, batir nawa na? In bai wuce ƙarhina ba ni ka saye. Kati kuma a raba muna wata wata mu da ke nan, ni na ɗauki Yuli da Agusta.

Malama Hadiza: Na ɗauki Yuni da Satumba. Kuma ina so in kawo 'yan ajina su gani ranar da za a ɗaura.

Abdul Rediyo: In ta fara turo lamba a sa ni cikin masu karɓar tes ɗin, zan yi magana da shugaban sashenmu ko za a ba mu minti biyu bayan labaran yamma. Amma Injiniya sai ka faɗa mana lambar da in ruwa ya kai ta za a ce mutane su tashi, kar mu tsorata gari a banza sau biyu su daina saurare.

Nasiru Injiniya: Wannan lambar ba ni kaɗai zan yanke ta ba Abdul, sai an zauna da su Kawu da sarkin ruwa sun nuna min inda ruwan 2010 ya tsaya a jikin gini ko itace in auna daga nan, sannan a sanar da hukumar agajin gaggawa ta jiha don gargaɗi a bakinsu ya kamata ya fito. Lambobin waccan daminar suna nan Hajiya, cikin tsohuwar laftof. Alhaji bari in buɗe ta gobe in ga abin da ya lalace tukuna, ina tsoron allon ciki ya sha laima, in haka ne sai an yi odar wani daga Kano ko Legas.

Kawu Bello Wurno: Alamar na nan jikin tsamiyar bakin masallacinmu, ni da kaina nis sara ta da gatari. Ku zaka ran Asabar bayan azahar, ranar ba ni zuwa hwadama.

Yusha'u Gidan Igwai: Yaya Nasiru ni zan ɗauke ka a mashin, ka taho da tef ɗin awo da ita na'urar ko ba ta tashi ba Kawu ya gan ta